Askarin Ranar Asabar

Alƙahira,
Disamba, 2012

Zuwa ga Yaya Zulaihatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙani ga yayarsa, da durƙuson da ya kamata, ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigida Malam Abdulbasit da yara gaba ɗaya. Allah Ya ƙara wa Inna lafiya, Ya sassauta mata ciwon gwiwar nan. Man shafawar da na haɗo da takardar nan nata ne, kada ki bari ta rabar wa maƙwabta kamar wancan. Mu ma nan lafiya ƙalau, sai sanyin Masar mai shiga ƙashi. Rukayya tana gaishe ki ƙwarai. 'Yarmu Husaina ta shiga makaranta, Larabci a bakinta ya fi nawa, har mai tumatir na layinmu ya ce in daina aiko ta tare da uwarta, don tana karya masa ciniki. Na ce masa ma'alish, ya yi haƙuri, gado ne.

Saƙonki ya same ni, cewa in kwashe iyalina in bar gidan da nake, in koma unguwar Hayyin Ashir cikin 'yan uwa baƙaƙe. Na kuma san bakin da ya kai miki labarin. Hajiya Murja ce, wadda na yi yawo da ita kasuwa har ƙafata ta kumbura, na sa aka rage mata kuɗin abayoyi har mai shago ya kusa kuka. Ladana ke nan, ta je gida ta ce an ga Nata'ala yana shiga ofishin 'yan sanda da Bayahudiya, kila ma aiki yake yi musu. To rabin maganarta gaskiya ne, an gan ni. Sauran rabin ne zan ba ki. Ban faɗa miki ta waya ba saboda waya a ƙasar nan yanzu ba mutum biyu kaɗai ke jin ta ba, kuma baƙo irina idan ya furta wasu kalmomi sau biyu a layi ɗaya, to ya shirya amsa tambayoyi. Shi ya sa na ba Hajiya Fatuma takardar hannu da hannu. Ita na yarda da ita, don ba ta iya karatun boko ba.

Gidan da muke haya yana unguwar Dahir, ba nisa da Darrasa. Tsohon bene ne. Muna hawa na farko, ɗakin ajiyar kayana yana ƙasa, a samanmu kuma akwai wata tsohuwa da ake kira Sitt Sarina. Bayahudiya ce, ba na ɓoye miki. A layin nan aka haife ta, ta kai shekarun Inna ko ta fi, ba ta da ɗa ba ta da jika a ƙasar. Danginta sun watse tun zamanin da, ita ta ƙi tafiya, ta ce kabarin uwarta yana nan. Duk Yahudawan da suka rage a birnin nan, idan aka tara su, da ƙyar su cika motar haya babba, kuma kusan duk tsofaffin mata ne. Mai kula da ita wata Bahaushiyar Sudan ce, Awadiyya, da take zuwa kullum daga Hayyin Ashir. Kin san halina, ba na yarda da mutum don ya tsufa. Na ga tsofaffin da suka sayar da yadin China da sunan na Dimashƙa. Da muka tare na sa mata ido sosai. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne, duk ranar Juma'a gab da magariba sai ta kunna kyandir biyu a bakin taga, alhali akwai wuta. A garin da ake ɗauke wuta kullum kowa na da kyandir, amma wa ke ƙona nasa wuta tana nan? Na ce lalle alama ake yi wa wani. Na yi makonni ina leƙa benen da ke fuskantarmu ko zan ga mai amsawa, ban ga kowa ba sai wata mata mai shanya. Da na tambayi Awadiyya ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ibada ce, haka suke tarbar ranar Asabar, kuma da a ce tsohuwar nan leƙen asiri take yi da an daɗe da korarta daga aikin, tunda ko tabaraunta ba ta ganewa sai an nemo mata.

Mutanen layi sun ce a da akwai askari, wato ɗan sandan gadi, da ke zama a kan kujera a ƙofar gidan saboda ita. Tun juyin juya halin bara, ranar da 'yan sanda suka ɓace daga tituna, shi ma ya ɓace, kujerar ce kawai ta rage, mai gyaran keke yana ɗora kayan aikinsa a kai. An zauna lafiya a haka har watan jiya, da aka shiga ruwan wuta a Gaza. Yaya, Allah Ya sani zuciyata ta ƙuna kamar ta kowane Musulmi, na ga hotunan yaran nan na kasa cin abinci. To a makon ne muka wayi gari an rubuta a ƙofar gidan da jan fenti cewa akwai Bayahudiya a nan, da wata kalmar da ba zan rubuta miki ba. Ranar Juma'a kuma, ana kiran magariba, maza duk mun nufi masallaci, wasu samari suka zo a kan babur suka yi wa tagarta ruwan duwatsu. Gilashi ya yanke ta a goshi. Rukayya ce ta hau da gudu ta tsayar da jinin da mayafinta.

Washegari Asabar na tashi da zafina. Na tare tasi, na hau sama na ce yalla, ta sauko mu je ofishin 'yan sanda a rubuta ƙara tun jinin bai bushe ba. Sai ta ƙi. Ta yi min godiya, ta ce in bari sai gobe. Na ce to ta kira su ta waya, ta ce sai gobe. Na ce bari in rubuta ta sa hannu in kai, ta ce sai gobe. Nan take tsohon zargina ya dawo. Na ce a raina wanda aka fasa wa goshi yana gudun 'yan sanda, lalle akwai abin da yake tsoron a gani. Na sallami mai tasin yana zagina, na sauko rai a ɓace. Awadiyya ce ta biyo ni matattakala ta ce in ji tsoron Allah, ranar Asabar ce. Ashe tun daga faɗuwar ranar Juma'a har zuwa faɗuwar ta Asabar, matar nan ba ta hawa mota, ba ta riƙe alƙalami, ba ta ɗaga waya, ba ta kunna wuta. Ni da na yi sama da shekara ina zaune a ƙarƙashinta, na ɗauka ciwon ƙafa ne ke hana ta fita ran Asabar. Daga baya tsohuwar ta ce min idan abin ya kai ga rai, addininta da kansa ya ce ta ɗaga wayar, amma yankan goshi bai kai ba. Na ce mata ranar da ya kai, wa zai ɗaga? 

Ran Lahadi muka je, ni da ita da Awadiyya. Nan Hajiya Murja ta hango mu, tana cikin tasi da buhunanta. Ɗan sandan da ke kan tebur ya saurare mu yana cin gyaɗa, ya tambaya me ya sa abu ya faru Juma'a sai Lahadi za a zo. Ya ce ina gilashin, muka ce an share. Ya ce ina shaida, muka ce maza suna masallaci. Ya rubuta lambar waya a bayan kwalin sigari ya miƙa mata, ya ce in sun dawo ta kira a daidai lokacin. Halas, shi ke nan, aka sallame mu.

A hanyar dawowa na shiga lissafi irin namu na kasuwa. Idan kaya suka ɓace, ba na tambayar wa ya tsani mai kaya, ina tambayar wa ya san lokacin da shago yake ba kowa. Kwana bakwai ne a mako, me ya sa aka zaɓi magaribar Juma'a, daidai lokacin da maza ba sa nan, ita kuma hannunta ya ɗaure har gobe? Samarin babur ba su san wannan ba, ni ma da nake gidan ban sani ba. Wani ne ya faɗa musu. Mutum ɗaya na sani da ya girma a benen nan, wanda uwarsa ce a da take hawa ta kashe wa Sitt Sarina fitila ran Asabar. Sunansa Ustaz Ya'ƙub, shi ne wakilin mai gidan yanzu. Ita kuwa tsohuwar tana kan hayar zamanin da, wadda doka ta hana a tashe ta ko a ƙara mata, kuma ɗakunanta sun fi na kowa faɗi, in ta tashi sai a ba da su haya a farashin yau. Ba ni da hujja, Yaya, kuma ban faɗa wa kowa sunansa ba sai ke. Amma shi ne ya fara hawa yi mata jaje, da kwalin alewa, yana ba ta shawara cikin tausayi cewa akwai gidan tsofaffi mai kyau a wajen gari inda ba wanda zai san ta. Ban kuma ce ƙiyayyar ba gaskiya ba ce. Samarin nan da zuciya ɗaya suka yi jifan, an cusa musu cewa duk Bayahude abokin gaba ne ko da tsohuwa ce mai sanda. Ƙiyayyar tana nan a tituna kamar fetur a galan, wani ne kawai ya nuna mata ƙofa.

Juma'ar da ta biyo baya, ba dutse suka kawo ba. Tsumma ne da fetur, aka cusa a ƙarƙashin ƙofar shiga aka kunna. Allah Ya taimaka mai gidan burodin da ke kusa bai tafi masallaci ba, shi ya kashe da bokitin ruwa. Matattakala ɗaya ce a gidan nan. Husaina tana sama, Rukayya tana sama, kayan mutane na yadi suna ƙasa. Na san abin da za ki ce, ai shi ya sa kika ce in tashi. To in na tashi, tsohuwar da ba ta iya sauka sai an riƙe ta fa? Ki tuna Kawu Sabo a Kafanchan bara. Shekara nawa ya yi a garin nan, da wa ya taɓa faɗa? Da aka tashi, ba wanda ya tambaye shi wa ya zaɓa, an dai ce Bahaushe ne. Ke kika ba ni labarin yadda ya kwanta a bayan buhuna yana kiran lambar 'yan sanda ba a ɗauka, da yadda maƙwabcinsa Benjamin ya ɓoye shi. Mun yi wa Benjamin addu'a, amma duk mun ce ina hukuma take? Abin da na tambaya ke nan a nan. Maƙwabci yana da kirki yau, gobe yana masallaci ko ya yi tafiya ko ya ji tsoro. Wasu a layi sun ce mu ɗauki sanduna mu yi gadi da kanmu kamar lokacin juyin juya hali. Na ce a'a. Baƙin mutum ɗan Najeriya da sanda a ƙofar Bayahudiya, kafin sati za a ce ga ɗan ta'adda ko ga ɗan leƙen asiri. Matar nan 'yar ƙasa ce, katinta irin na kowane Bamisire. Tsaron ranta aikin gwamnati ne, ba alfarma ba, kuma in gwamnati ta ajiye mutum ɗaya da kaki a ƙofa, ta faɗa wa duk unguwa cewa jinin wannan ma yana da mai tambaya.

Sai dai na san ba a zuwa wurin babba mutum ɗaya da takarda a hannu. A gida ma in ana neman abu wurin hakimi, tawaga ake yi. Na shiga bi ɗaya bayan ɗaya, kowa kuwa da nasa zargin. Mai burodi ya ce me zan samu a ciki. Na ce masa bangonsa da namu ɗaya ne, kuma yana da tukwanen gas. Ya ce tamam, zai zo. Mai kemis ya ce yana tsoron a daina saye wurinsa, na ce masa ba wani kemis a layin. Limamin masallacinmu ya fi ba ni wuya. Ya daɗe yana kallona, ya tambaye ni ko wata ƙungiya ce daga waje ta turo ni. Na ce Shehi, da ƙungiya ce ke biyana da ba ka gan ni da wannan takalmin ba. Ya yi murmushi, sannan ya ce haƙƙin maƙwabci bai tambayi addini ba, kuma abin kunya ne a gare shi a ce ana amfani da lokacin da yake jan salla ana ƙona gidan mutane. Ustaz Ya'ƙub ma na gayyace shi, da gangan, a gaban jama'a. Ya ce wallahi da ya so, amma yana da uzuri a Giza.

Muka ɗauki Sitt Sarina, ni da tawagata, muka je wurin babban jami'in ofishin, wanda kowa ke kira Basha. Kafin liman ya gama sallama, idon Basha yana kaina. Ya karɓi fasfona da takardar zamana ya jujjuya su, ya tambaya me ya haɗa dillalin yadi daga Najeriya da Yahudawa, wa na sani a ofisoshin jakadanci, wa ke kirana daga waje. Takardar zaman nan kuwa, Yaya, da alƙalami ɗaya ake soke ta. Na ce masa ni ban san siyasa ba, na san matattakala ɗaya ce a gidanmu kuma 'yata tana sama. Ya ajiye fasfon a gabansa, bai miƙo min ba, ya ce ba shi da mutane, gari ya rikice, duk askarawansa suna wuraren zanga-zanga. Ya ce tsohuwar ta daina kunna kyandir a taga, ta rufe labule, magana ta ƙare. Sai Sitt Sarina ta ce tun kafin a haife shi take kunnawa a tagar nan, kuma ba ta zo neman izinin yin ibada ba, ta zo neman kada a ƙona ta.

Da na ji ya ce ba shi da mutane, ban ji ya ce ba zai yiwu ba, sai na gane ciniki ya buɗe. Mai kayan da ba ya sayarwa ba ya faɗin dalili. Na ce a ba mu askari biyu dare da rana, da rumfar katako, da mota mai zagayawa. Liman ya taka min ƙafa. Basha ya yi dariya ya ce ko gidan minista ne. Na ce to ɗaya, dare da rana. Ya ce babu. Na ce ɗaya da rana kawai. Ya ce babu, ya fara tattara takardunsa. Na miƙe kamar zan tafi, na yi godiya, har na kai ƙofa, sannan na juyo na ce ashe ma ba ma buƙatar duk wannan, yini ɗaya ne a mako matar nan ba ta iya kiran kowa, daga la'asar ɗin Juma'a zuwa isha'in Asabar, kuma a cikinsa ake zuwa. Sauran kwanakin ta riƙe lambar wayar da aka ba ta. Na ƙara da cewa in gidan ya ƙone da tsohuwar a ciki, 'yan jaridar duniya ba za su tambayi sunan samarin babur ba, sunan ofishin da ke kula da unguwar za su tambaya. Ya bubbuga alƙalami a tebur. Daga nan ya turo min fasfona, ya ce za a gwada, amma in aka yi makonni ba abin da ya faru zai janye mutuminsa. Kin ji dabara irin ta hukuma: in gadi ya yi aiki, sai a ce ba a buƙatarsa.

Juma'ar da ta wuce askarin ya zo. Siriri ne daga ƙauyukan kudu, kakin ya yi masa yawa, bindigarsa ban tabbata tana da harsashi ba. Mai gyaran keke ya kwashe kayansa daga kan kujerar ba tare da an ce masa komai ba. Gab da magariba na tsaya a ƙofa kafin in wuce masallaci, na ɗaga kai, na ga kyandir biyu a taga, labule a buɗe. Babur ɗaya ya shigo layin, ya rage gudu, ya ga kaki, ya wuce. Har aka yi isha'in Asabar ba abin da ya faru. Amma kin san wanda ya fara kawo wa askarin shayi? Ustaz Ya'ƙub, wanda ke da uzuri a Giza. Ya zauna kusa da shi yana tambayarsa garinsu, da lokacin da yake zuwa salla, da ko ana canjinsa. Ina jin su daga ɗakin ajiya. Tun ranar na gaya wa Rukayya shayin askarin nan da abincinsa daga gidanmu za su riƙa fita, kafin na kowa, kuma in zai je salla ni zan zauna a kujerar, in ya dawo in je in yi tawa.

Don haka, Yaya, ki yi haƙuri, ba zan tashi ba. Ki gaya wa Inna gaskiyar yadda take, da bakinki, kafin Hajiya Murja ta kai mata tata. In kuma wani ya zo ya ce an sake ganin Nata'ala a ofishin 'yan sanda, kada ki musa. Duk Lahadi zan je in gaida Basha, da liman ko ba liman, in tuna masa cewa Juma'a tana zuwa.

Ki gaishe min da Malam Abdulbasit, da Ukasha da Nana Fatima, ki ce su dage da karatu. Ki gaida Kawu Sabo gaisuwa ta musamman, in kin ga dama ki karanta masa takardar nan, shi zai gane ta. Sitt Sarina da ta ji zan rubuta gida ta ce in gaida mahaifiyata, ta kuma ba da gwangwanin zaitun a kai mata. Na buɗe na ɗanɗana, lafiya lau ne. Ku sa mu a addu'a ranar Juma'a, musamman da magariba.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Nata'ala